Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafin Hatimi

A shekara ta 1741 wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, a gidan wani babban masani mai suna Hasan al-Jabarti. Baƙon nan mutumin ƙasarmu ne, Bafillace daga ƙasar Katsina. Cikin littattafan Larabci sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mu kuwa a nan za mu kira shi Malam Muhammadu Bakatsine. Sa'ad da ya rasu ba a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba tukuna, gama sai a 1754 a ka haife shi. Birnin Sakkwato ma ba a kafa shi ba sai a 1809. Amma malaman Sakkwato ba su manta da shi ba. Muhammadu Bello ya ambace shi cikin manyan malaman ƙasar nan a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812.

Muna so mu ba ku labarinsa sabo da dalili biyu. Na fari, yaranmu da yawa suna tsammani lissafi baƙon abu ne, wai Turawa ne su ka zo da shi tare da allon bango da alli. Na biyu, mutane da yawa in sun ga takarda mai zane da lambobi cikin ɗakuna, watau hatimi, sai gabansu ya faɗi, suna cewa wani asiri ne da ya fi ƙarfin hankali. Labarin malamin nan zai taimake mu wajen abubuwan nan duka biyu.

Katsina a zamaninsa

A farkon ƙarni na 18 Katsina tana cikin manyan biranen ƙasar Hausa wajen ciniki da karatu. Ayarin raƙuma yana tasowa daga Tarabulus da Gadamas, ya bi ta Agadas ya sauka Katsina, ɗauke da tufafi da takarda da littattafai. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a tsakiyar gari, kamar yadda ta ke har yau. Kafin zamanin Malam Muhammadu an yi manyan malamai a birnin, irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Cikin jerin sunayen Malam Muhammadu akwai al-Danrankawi, watau mutumin Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina.

Kada mu yi zaton mutanen wancan zamani ba su da bukatar lissafi. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, kuɗin wuri su ka shigo ƙasar Hausa. Falke kuwa dole ya iya ƙidaya wuri dubu-dubai, ya san riba da faɗuwa. Alƙali ba ya iya raba gado sai ya san rabi, da sulusi, da rubu'i, da sudusi, da sumuni. Mai karɓar zakka yana bukatar awo da ƙirga. Ladan yana duban inuwa ya san lokaci, manomi yana duban taurari ya san kusantowar damina. Cikin irin wannan gari Malam Muhammadu ya tashi.

Malamansa

Masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya adana mana sunayen malamansa. Ɗayansu Malam Muhammadu Fudu ne. Malam Muhammadu ya zauna tare da shi wajen shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana koyon nahawu da sarfu. Tun da fari malaminsa ya yi masa laƙabi da mai Maƙama, domin ya haddace littafin nan mai wuyar kalmomi. Daga baya da ya ga yadda ya gwanance a nahawu, sai ya riƙa kiransa Sibawaihi, watau sunan shahararren malamin nahawun Larabci na zamanin dā.

Wani malaminsa shi ne Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafillacen da ya yi suna a Barno da Bagarmi. Amma wanda ya buɗe masa ƙofar lambobi shi ne Malam Muhammadu Bindu. A wurinsa ya koyi hisabi, da sanin lokatai, da ilimin haruffa, da ilimin da Larabawa su ke kira aufaƙ, bisa ga hanyar malaman Magrib. Aufaƙ ɗin nan shi ne tsara lambobi cikin hatimi.

Mu lura da wannan da kyau. Bai je Masar domin ya fara koyon lissafi ba. A nan ƙasashenmu ya koya, a hannun malamai baƙaƙen fata, a zaure, bisa buzu da tabarma. Ya isa Masar da iliminsa a cikin kansa.

Tafiya gabas

Ya tashi zuwa aikin hajji. A wancan zamani tafiyar nan ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce. Alhazai su kan yi shekaru a kan hanya, waɗansu ta Barno da Fezzan zuwa Masar, waɗansu ta gabas sosai har bakin Bahar Maliya. Da yawa su kan mutu da ƙishirwa, ko ciwo, ko a hannun 'yan fashi. Malam Muhammadu ya ratsa ƙasashe masu yawa, ya gana da sarakuna da malamai, yana koya yana koyarwa, har ya rubuta labarin tafiyarsa. Ya yi hajji a shekara ta 1142 ta Hijira, watau 1730, sa'an nan ya zauna a Makka.

A can Makka ya fara rubuta babban littafinsa mai suna al-Durr al-Manzum, a kan taurari da ɗalasimai. Ya gina shi bisa wani tsohon littafi da a ke danganawa ga Fahruddin al-Razi. Ya gama shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, watau wajen ƙarshen 1733. Littafin da ya fi damunmu a nan shi ne Bahjat al-Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732, a kan haruffa da hatimai. Ban da waɗannan ya yi waƙar koyar da manɗiƙi mai suna Manh al-Ƙuddus tare da sharhinta, ya kuma yi littafin nahawu mai suna Bulug al-Arab.

Mene ne hatimi?

Bari mu ajiye labarin kaɗan, mu zauna a ƙasa kamar masu dara, mu ga abin da malamin nan ya ba da ransa gare shi. Ku zana murabba'i, ku raba shi ɗaki tara, uku-uku. Ku zuba lambobi daga 1 zuwa 9 kamar haka:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku tara jerin farko: 4 da 9 da 2 sun zama 15. Jeri na biyu 15, na uku ma 15. Ku tara daga sama zuwa ƙasa, kowane layi 15 ne. Ku bi daga kusurwa zuwa kusurwa, 4 da 5 da 6, ko 2 da 5 da 8, har yanzu 15. Layi takwas, jimla ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙanƙantan hatimi.

Me ya sa 15, ba 14 ko 16 ba? Dalilin a fili ya ke. In an tara lambobi daga 1 har 9 a kan sami 45. Jeri uku ne, kowane kuwa daidai ya ke da ɗan'uwansa. A raba 45 gida uku, sai a sami 15.

Me ya sa 5 ya ke tsakiya? Layi huɗu ne su ke ratsa ɗakin tsakiya. Jimlarsu 15 sau 4, watau 60. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane ɗaki sau ɗaya, amma na tsakiya sun taɓa shi sau huɗu. Ashe 60 ɗin nan ya ƙunshi 45 na dukan ɗakuna, da ƙarin lambar tsakiya sau uku. A ɗebe 45 daga 60, saura 15. A raba 15 gida uku, ga 5 ya fito. Ba wata lamba da za ta iya zama a wurin.

Ku duba kuma kusurwoyi. Lambobin da su ke rabuwa biyu daidai, waɗanda a ke kira cika, watau 2, 4, 6, 8, su ne a kusurwa. Waɗanda ba su rabuwa biyu daidai, watau mara, suna gefe da tsakiya. Wannan ma dole ne. Ɗakin kusurwa layi uku ne su ke ratsa shi. Amma 1 hanya biyu kaɗai gare shi ta kai 15: ko da 9 da 5, ko da 8 da 6. Sabo da haka ba ya iya zama a kusurwa. Haka 3, shi ma hanya biyu gare shi: ko da 5 da 7, ko da 4 da 8. In 1 da 3 sun zauna a gefe, 9 da 7 su zauna daura da su, sai kusurwoyi su rage wa lambobin cika. Don haka hatimi mai ɗaki tara guda ɗaya ne tak a duniya. Ana iya juya shi ko a kife shi ya ba da fuska takwas, amma shi ɗin ne dai.

Malamai su kan rubuta shi da haruffa maimakon lambobi, gama a lissafin abajada kowane harafi yana da adadinsa. Alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4, haka har ya 10. Haruffan kusurwa huɗu, watau ba, dal, wau da ha ƙarami, su ne a ke haɗawa a karanta buduhu, kalmar da a ke gani cikin layu daga nan har Indiya. Wannan lissafin haruffa ne kuma a ke yin ramzi da shi, watau ɓoye shekara cikin kalma. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kan rufe waƙoƙinta da ramzin shekarar da ta yi su.

Lambobi masu kusurwa uku

Lambar nan 45 tana cikin wata zuriya ta musamman. Ku ɗauki tsakuwa, ku sa ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinta, uku a ƙarƙashin biyun, kamar yadda mai talla ta ke jera lemo. Kullum siffa mai kusurwa uku za ta fito. Adadin tsakuwar shi ne 1, 3, 6, 10, 15, 21, 28, 36, 45, haka har ba iyaka. Akwai gajeriyar hanya ta samunsu. In kuna so ku tara daga 1 har 9, ku ninka 9 sau 10, ku raba biyu, ga 45. In daga 1 har 100 ne, 100 sau 101, a raba biyu, 5,050. Dalili kuwa shi ne, in an haɗa tsibi biyu iri ɗaya, an kife ɗaya bisa ɗaya, sai su ba da jeri 9 masu tsakuwa goma-goma.

Ga wani abin sha'awa. In an haɗa biyu daga cikinsu da su ke maƙwabtaka, sai a sami lambar murabba'i: 1 da 3 su ne 4, 3 da 6 su ne 9, 6 da 10 su ne 16, 10 da 15 su ne 25. Masu karatunmu sun san adadin kifin da a ka ambata a sura ta ƙarshe ta Bisharar Yohanna, watau 153. Shi ma ɗan zuriyar nan ne, gama in an tara daga 1 har 17 shi a ke samu. Agustin na Hippo, mutumin Afirka ta Arewa, ya lura da wannan tun fiye da shekara 1,500 da su ka wuce.

Da wannan hanya a ke sanin jimlar kowane hatimi tun ba a zana shi ba. Mai jeri huɗu yana da ɗaki 16; daga 1 har 16 jimla 136 ce, a raba huɗu, kowane layi 34. Mai jeri biyar yana da ɗaki 25. Jimla 325, kowane layi 65. Mai jeri bakwai 175, mai jeri tara 369.

Yadda a ke gina shi

Sanin jimla abu ne mai sauƙi. Wuyar aiki ita ce zuba lambobin. A nan ne gwanintar Malam Muhammadu ta ke. Cikin Bahjat al-Afaƙ ya tattara hanyoyi dabam-dabam na gina hatimai masu jeri mara, watau uku, biyar, bakwai, tara, da sauransu. Bari mu nuna muku ɗaya daga cikin hanyoyin da masanan ƙasashen Musulmi su ka sani tun da daɗewa.

A sa 1 a ɗakin da ya ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, ɗaki ɗaya ƙasa, ɗaki ɗaya dama. In an faɗo ta gindin hatimi, sai a ɓullo ta samansa. In an fita ta dama, sai a shigo ta hagu. In an tarar da ɗakin da za a shiga da lamba a ciki, sai a koma kan lambar da a ka rubuta ta ƙarshe, a sauka ɗaki biyu sosai ƙasa, a ci gaba. Wanda ya bi wannan da ɗaki tara zai sami hatimin da mu ka nuna a sama. Da ɗaki 25 kuwa ga abin da zai fito:

11 24 7 20 3
4 12 25 8 16
17 5 13 21 9
10 18 1 14 22
23 6 19 2 15

Ku gwada kowane layi, 65 ne. Ku duba kuma, 13 yana tsakiya, shi ne kuwa tsakiyar lambobi daga 1 zuwa 25. Kowaɗanne ɗakuna biyu da su ke fuskantar juna ta tsakiya jimlarsu 26 ce: 11 da 15, 24 da 2, 7 da 19, 25 da 1.

To, ina dalilin da ya sa hanyar nan ba ta kuskure? Kowace lamba daga 1 zuwa 25 ana iya fasa ta biyu: babban kashi, watau 0, 5, 10, 15 ko 20, da ƙaramin kashi, watau 1, 2, 3, 4 ko 5. Mu fasa jerin farko. 11 shi ne 10 da 1. 24 shi ne 20 da 4. 7 shi ne 5 da 2. 20 shi ne 15 da 5. 3 shi ne 0 da 3. Kun gani, kowane babban kashi ya fito sau ɗaya, jimlarsu 50. Kowane ƙaramin kashi ya fito sau ɗaya, jimlarsu 15. A haɗa 50 da 15, ga 65. Haka ya ke a kowane jeri, da kowane layi daga sama zuwa ƙasa. Tafiyar karkacen nan ita ce ta ke rarraba kashe-kashen, ba ta barin iri ɗaya su haɗu a jeri ɗaya. A layukan kusurwa kuwa, ɗaya yana da 10 sau biyar tare da 1 har 5, ɗayan yana da 3 sau biyar tare da 0 har 20, duka biyu kuma 65 ne.

Asalin ilimin nan

Ba Malam Muhammadu ne ya ƙago hatimi ba, shi ma gada ya yi. Mutanen Sin sun san mai ɗaki tara tun zamanin dā. A ƙarni na 10 waɗansu masana na Basra da a ke kira Ihwanus Safa sun nuna hatimai cikin wasiƙunsu, Abul Wafa al-Buzjani na Bagadaza kuma ya rubuta yadda a ke gina su. A wurin al-Buzjani abin lissafi ne tsantsa. Daga baya littattafai irin Shamsul Ma'arif, wanda a ke danganawa ga Ahmad al-Buni na ƙarni na 13, su ka haɗa shi da haruffa da taurari da neman biyan bukata. A Turai ma haka a ka yi. A 1514 mai zane Albrecht Dürer na Jamus ya sa hatimi mai jimla 34 cikin wani zanensa, a 1533 kuma Cornelius Agrippa ya buga littafi yana danganta kowane hatimi da tauraronsa. Hatimin nan mai jimla 65 da mu ka gina yana cikin littafin.

Ba za mu ɓoye muku ba, Malam Muhammadu ya gaskata haruffa da lambobi suna da asirai na ɓoye, littattafansa kuwa cike su ke da wannan. Ya gargaɗi almajiransa su yi aikin a kaɗaice, kada su watsa shi ga kowa. Amma tare da haka ya ba su shawarar da kowane ɗan makaranta ya kamata ya ji: in lissafi ya ƙi fita, kada su karaya su bari, gama ba a kai ga nasara sai da naciya.

Abin da mu ka gani da idonmu a sama shi ne, daidaituwar hatimi daga halin lambobi ta ke fitowa. Yaron da ya iya tarawa zai gina shi a ƙasa da tsinke, ya kuma faɗi dalilinsa. Wanda ya gane wannan ba zai razana don ya ga takarda mai ɗakuna ba. Mamakinsa zai koma ga tsarin da ya ke cikin lambobi, wanda ba ya sākewa ko a Sin, ko a Bagadaza, ko a Sakkwato.

Zamansa a Masar da rasuwarsa

Mutanen ƙasashenmu ba baƙi ba ne a Alƙahira. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem su ka kafa makaranta da masauki a can domin alhazansu da almajiransu. Amma Malam Muhammadu ya sami masauki a gidan Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masanan taurari da lissafi na Masar a zamanin. Kakannin Hasan daga Jabarti su ka zo, a gabashin Afirka wajen Habasha. Babban masanin nan ya zauna gaban Bakatsine ya karanci ilimin hatimi a wurinsa.

A gidan nan Malam Muhammadu ya rasu a 1154 ta Hijira, watau 1741. Kafin ya cika ya sa Hasan ya zama wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a makabartar Bustan al-Mujawirin, ya yi gini a kan kabarinsa. Bai sake ganin Katsina ba.

Bayan shekara goma sha biyu ko sha uku a ka haifa wa Hasan ɗa, Abdurrahman. Shi ne ya girma ya zama babban mai rubuta tarihin Masar, wanda ya ga shigowar sojojin Faransa ƙarƙashin Napoleon a 1798. Bai taɓa ganin baƙon ubansa ba, amma ya tashi a gidan da a ke tunawa da shi, ya kuma sa labarinsa cikin littafinsa Aja'ib al-Asar. Amanar da uba ya riƙe ita ce ta sa ɗa ya rubuta, mu kuma mu ka sami abin karantawa.

Abin da ya biyo baya

A shekarar da Malam Muhammadu ya rasu, 1741, wani masani mutumin Siwizalan, Leonhard Euler, ya tashi daga Rasha ya koma Balin ta Jamus. A 1776 shi ma ya rubuta a kan hatimi, ya nuna yadda a ke gina shi ta haɗa murabba'i biyu, inda kowace alama ta ke fitowa sau ɗaya a kowane jeri. Wannan shi ne fasawar da mu ka yi ɗazu zuwa babban kashi da ƙarami. Tun kafin wannan, Bafaranshe Frénicle de Bessy ya ƙidaya hatimai masu ɗaki 16, ya sami iri 880, an kuwa buga aikinsa a 1693. Masu ɗaki 25 ba a iya ƙidaya su ba sai a 1973, sa'ad da Richard Schroeppel ya yi aiki da kwamfuta ya sami 275,305,224. Ku duba wannan tsalle: daga 1, zuwa 880, zuwa fiye da miliyan 275.

Wani zai ce, ina amfanin wannan ga mai noma? Akwai. Cikin shekarun 1920 Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, ya ɗauki irin murabba'in nan na Euler ya kai shi gona. In ana so a gwada taki iri biyar, sai a raba gona fegi 25, biyar-biyar, a zuba kowane iri sau ɗaya a kowane jeri da kowane layi. Ta haka ba takin da zai mallake wajen dausayi shi kaɗai, ba kuwa wanda za a bar shi da tsandauri. In amfani ya bambanta, an san daga takin ne. Masu binciken noma da na magani sun yi aiki da tsarin nan a ƙasashe masu yawa.

Sunan Malam Muhammadu ya sake fitowa fili a ƙarni na 20. An buga al-Durr al-Manzum a Masar. Akwai rubutun hannu na aikinsa a kan hatimi a ɗakin karatun makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kansa a Ibadan. A 1973 Claudia Zaslavsky ta Amurka ta ba da labarinsa cikin littafinta Africa Counts, daga nan malaman lissafi na ƙasashe da yawa su ka san da shi. A 1994 Jacques Sesiano, masanin tarihin lissafi a Siwizalan, ya bincika hanyoyinsa na gina hatimai masu jeri mara.

Abin da ya ke ba mu kunya shi ne, a Landan da Amurka ana koyar da sunansa, a ƙasar da ta haife shi kuwa yara kaɗan ne su ka taɓa jinsa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɓoyon da a ka yi wa ilimin. Abin da a ka kulle cikin gafaka, a ka hana almajirai sai 'yan kaɗan, ya kan tafi kabari tare da mai shi, ko gara ta cinye takardar. A nan Sakkwato akwai tsofaffin rubuce-rubuce masu yawa, a gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da kuma gidajen malamai. Suna jiran yaran da su ka iya Larabci su ka kuma iya lissafi, su buɗe su karanta.

Muna roƙon iyaye da malaman makaranta, ku zauna da yaranku da maraice, ku zana ɗaki tara a ƙasa, ku bar su su nemi wurin kowace lamba da kansu. In sun iya, ku ba su mai ɗaki 25. Wanda ya gama wannan ya gwada mai ɗaki 49 ta hanyar da mu ka nuna, ya sa 1 a ƙarƙashin ɗakin tsakiya. In bai yi kuskure ba, 25 zai zauna a tsakiya, kowane layi kuma zai ba shi 175. Sa'an nan ku gaya masa sunan malamin Katsina da ya koyar da wannan a Masar.